Ulu, gawayi da Rosari: yadda wani gidan Katolika a Kafanchan ya rasa zaman dare, ya kuma maido da shi

Gidan kafin matsalar

Gidan yana wata unguwa a gefen Kafanchan, ƙaramar hukumar Jema'a, kudancin jihar Kaduna. Mutum bakwai ne ke cin tukunya ɗaya: maigida, wanda malamin firamare ne, matarsa, mai shekara arba'in da 'yan kai, 'ya'ya huɗu, babbar mace mai shekara 15 a lokacin, namiji mai 12, mace mai 8, da auta mai 4, sai mahaifiyar maigidan, wadda kowa ke ce wa Kaka. 'Yan Katolika ne, a ƙarƙashin dayosis ɗin Kafanchan da aka kafa a 1995. Suna da yarensu na gado, amma kamar gidaje da yawa a wannan yanki, da Hausa suke addu'a, da ita suke waƙa a coci. Ta Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, na san uwargidan, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Hanyar samunsu biyu ce. Albashi yana ɗaukar cefane da ƙananan buƙatu. Gonar citta da ke ƙauyensu ita ke ɗaukar manya: kuɗin makaranta, kayan Kirsimeti, gyaran kwano idan ya fara yoyo. A dasa a Afrilu ko Mayu, a rufe ƙasar da ganye, a tona daga Nuwamba, a tsaga, a shanya, 'yan kasuwa su zo su kwasa.

Saƙa a lokacin ba sana'a ba ce a wurin uwargidan. Ta koya tun tana yarinya a hannun gwaggonta, wadda ita kuma Sistoci suka koya wa. Ta iya allura biyu, ta iya kwarashi. Takan saƙa wa 'ya'yanta suwaita kafin hunturu, kuma idan wata 'yar Zumunta ta haihu, hula da safa daga hannunta ba sa yankewa. Ba ta taɓa karɓar kuɗi a kai ba.

Daren gidan yana da tsari da kowa ya sani. Tukunya ta hau wuta wajen ƙarfe biyar, a ci abinci ƙarfe bakwai, sannan a taru a falo gaban wani ɗan tebur mai gicciye da hoton Maryamu da kyandir ɗaya. Rosari suke ja, addu'ar carbi ta Katolika mai kashi biyar, kowane kashi ana ce masa goma domin "A gaishe ki Maryamu" guda goma ne a cikinsa. Kaka ta buɗe, kowane yaro ya ja goma ɗaya, maigida ya rufe. Minti ashirin ya ishe su.

Mayu zuwa Satumba 2023: fetur, sannan citta

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 700, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin mota zuwa ƙauye ya tashi, kayan masarufi suka bi. Ƙaramar tukunyar gas da suke dafa abin kari da ita ta ƙare a Yuli, ba a sake cika ta ba. Girki duka ya koma kan kurfoti.

Da wannan kaɗai ne, da sun jure har kaka. To a tsakiyar damina sai cuta ta faɗa wa citta a Kachia, Kagarko, Jaba, Jema'a da maƙwabtansu. Ganye ya yi ɗorawa ya bushe, idan an tona sai a tarar saiwar ta ruɓe tana wari. Masana aikin gona suka ce cutar funfuna ce. Maigidan ya sayi maganin feshi sau biyu, bai tsayar da komai ba. Abin da ya tsira a gonarsa bai kai irin da ya zuba ba.

A Satumba, da aka koma makaranta, kuɗin zangon farko na manyan yaran biyu da rance aka biya shi.

Oktoba zuwa Disamba 2023: saƙa ta zama sana'a

Wata ƙawar uwargidan ce ta fara ce mata, ga abin da take bayarwa kyauta mutane na saye a kasuwa. A Oktoba ta roƙi a ba ta kwasar adashe kafin lokacinta, ta zuba kuɗin duka a ulu. Abin da ake kira ulu a kasuwanninmu, akasarinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur, kuma farashinsa dala yake bi. Wannan zai yi tasiri daga baya ta hanyoyi biyu.

Ciniki ya zo da wuri. Sanyin hunturu a gindin dutsen Kagoro ba wasa ba ne, kuma iyaye na neman suwaita mai launin kayan makaranta. Ga masu jego na neman hula, safa, riga da mayafin jariri. Ba ta ce wa kowa a'a ba. Ba ta da littafi, a ka take riƙe wanda ya ba da aiki da ranar da ta yi masa alkawari. Farashi kuma da ido take yanka shi: ta duba abin da ake sayar da irinsa a gwanjo, ta ɗora kaɗan.

Oktoba watan Rosari ne, shi ya riƙe gidan. Da Nuwamba ta shiga sai lokaci ya fara zamewa. Tana so ta ci moriyar hasken rana har ƙarshensa, don haka ba ta tashi hura gawayi sai rana ta faɗi. Abinci ya koma takwas da rabi, ya koma tara. Auta da mai bi masa sukan yi barci kafin a kwashe tuwo, a tashe su su ci suna gyangyaɗi. Bayan haka babu mai ƙarfin durƙusawa. Kafin Lahadin farko ta Zuwan Almasihu, lokacin shirin Kirsimeti, wato 3 ga Disamba, addu'ar tare ta tsaya cak a ranakun mako. Kaka ce kaɗai ke zama gaban teburin da carbinta. Ran Lahadi uwargidan takan je Misa ta farko, ta dawo ta ɗauki allura har dare. Taron Zumunta ma ta daina zuwa.

Kirsimeti ta yi kyau a ido. An ci shinkafa da kaza, yara sun sa sabon kaya. Amma da Janairu ta kama, babu kuɗin sayen ulu. Dunƙulen da ta saya a Oktoba ya ƙara kuɗi, ita kuwa a kan tsohon farashi ta yi ciniki, kuma abin da ya shigo an kashe shi a cefane ba tare da an ware uwar kuɗi ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu aikin ba su biya ba. Yawancinsu 'yan coci ɗaya ne, waɗanda za ta zauna kusa da su ran Lahadi, kunya ba ta barin ta tambaya. Ta karɓi ulu bashi a shagon da take saye, ta ci gaba.

Janairu zuwa Maris 2024: abubuwa huɗu da aka gwada

Na farko, uwargidan ta mayar da saƙar zuwa dare. Ta ce za ta yi girki a kan lokaci, idan kowa ya kwanta ta zauna da fitila mai caji har ƙarfe ɗaya. Bai yi mako uku ba. Idanunta suka fara ruwa, wuyan hannun dama ya kumbura, yatsu uku suna mutuwa cikin dare har su tashe ta. Da rana kuma barci ke ɗaukar ta da allura a hannu, aikin da take yi cikin awa ɗaya ya koma awa biyu.

Na biyu, maigidan ya mayar da addu'a ƙarfe biyar na asuba. Shi da Kaka sun saba. Yaran ne abin ya gagara: sanyi, duhu, ga ɗiban ruwa da shirin makaranta na jira. Ƙananan biyu sukan yi barci a kan tabarma, babban namijin ya zauna fuska a ɗaure. Kafin mako biyu an bari ba tare da wani ya ce a bari ba.

Na uku shi ya fi daɗewa a bakin 'yan gidan. Ta ce tunda bakinta ne ke addu'a, hannunta na iya aiki. Sai ta riƙa zama da saƙa a cinya ana jan Rosari. Matsalar ita ce duka biyun ƙidaya ne. Rigar jariri mai ado tana buƙatar a ƙirga ƙulli a kowane layi, nan a ƙara, can a rage, ga kuma "A gaishe ki Maryamu" guda goma da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Ran da ta ja goma da kanta, ta yi sha biyu ba ta sani ba, 'yar shekara takwas ce ta taɓa ta. Washegari ta duba rigar ta ga hannu ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ta warware aikin daren duka. Kaka ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "'Yata, taura biyu ba ta taunuwa."

Na huɗu ya zo da Azumin Kiristoci na kafin Ista, wanda ake farawa ran Larabar Toka. Larabar Toka ta faɗo 14 ga Fabrairu. Da suka dawo daga coci da toka a goshi, maigidan ya ce, "Maman yara, ki ajiye alluran nan har Ista. Gidan nan ya zama masaƙa." Ta ce, "Na ji, Baban yara. Amma mai shago fa, da kuɗin zango na uku?" Ya ce Allah zai kawo. Ta ajiye. Abinci ya dawo ƙarfe bakwai, Rosari ya dawo, ran Juma'a har Hanyar Gicciye suka je gaba ɗaya. Ƙaurace wa nama ran Juma'a bai zame musu sabon abu ba, domin nama ya riga ya yi wuya a gidan. Sai dai zaman babu daɗi. Ita ba ta magana, shi ba ya kallon ta. Mai shago ya aiko yaro sau biyu. A mako na uku ta fara saƙa da rana idan ya tafi makaranta, ya gane, bai tanka ba. A lokacin kuma zafi ya shigo, babu mai neman suwaita. Guda shida da ta saƙa ba da odar kowa ba suna cikin akwati.

A tsakanin nan ta ƙara wa kanta addu'a. Ta ɗauki addu'ar kwana tara, ta gama ta ɗauki wata, tana yi ita kaɗai cikin dare. Ta gaya mini daga baya cewa a lokacin gani take laifinta ne, ta kasa zama irin macen da ake karanta wa Zumunta a Littafi Mai Tsarki, Karin Magana sura 31, mai neman ulu da lilin, mai tashi tun da duhu, wadda fitilarta ba ta mutuwa da dare.

Afrilu 2024: littafi mai shafi arba'in

Bayan Ista, wadda ta faɗo 31 ga Maris, Uwar Zumunta ta zo gidan jin dalilin da ya sa ba a ganin ta. Dattijuwa ce da ta yi shekaru tana sayar da hatsi. Ba ta yi wa'azi ba. Ta saurara, ta aiki yaro ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta ja layi huɗu: irin aikin, dunƙule nawa ya ci, awa nawa ya ɗauka, nawa aka biya. Ta ce a cike na aikin da ya wuce gwargwadon abin da aka tuna, sabon aiki kuma a rubuta shi a ranar.

Da aka zauna a kan littafin bayan mako biyu, da maigidan a wurin, ga abin da ya fito. Suwaitar ɗan firamare tana cin sama da awa 20 da allura biyu. Idan an cire kuɗin ulu a farashin ranar, abin da ya rage bai sayen mudu biyu na masara. Ba za ta iya ƙara kuɗin ba, domin masu injin saƙa suna fitar da irinta da yawa a yini ɗaya, ga gwanjo a gefe. Hular jariri da safa kuwa awa huɗu ne duka biyun, ulunsu kaɗan, kuma masu saye ba sa ja da farashi sosai, tunda kyauta za su kai. Farin mayafin baftisma na kwarashi yana ɗaukar lokaci, amma shi ne aikin da babu na injin da ke kama ƙafarsa, kuma iyaye na ajiye shi ga ƙannen jaririn. Wato aikin da ya fi cinye mata dare shi ne mafi ƙarancin riba.

Aka tsayar da sharuɗɗa a ranar. Ta daina suwaitar makaranta sai ta 'ya'yanta. Kowane aiki sai an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, da shi za a sayi ulun. A sayi na aikin duka lokaci ɗaya, domin launi ɗaya daga rini dabam ba ya zuwa daidai, ta sha ganin mayafin da rabinsa fari tas, rabinsa ya ja ruwan madara. Babu bashi ko ga 'yar Zumunta. Kuɗin ulu yana da gwangwaninsa, ba a taɓa shi don cefane. Tsofaffin basussukan kuma Uwar Zumunta ta ɗauke mata nauyin tambaya, ta bi su ɗaya-ɗaya a asirce. Fiye da rabi suka biya.

A kan Karin Magana 31, dattijuwar ta buɗe mata aya ta 15 ta ce ta karanta har ƙarshe. Macen nan tana da 'yan mata masu yi mata aiki, tana raba musu abin yi. Ta ce, "Ke kuma su wa kika raba wa?"

A makon ne ma'auratan suka je wurin Fada bayan Misa. Abu biyu ya faɗa musu. Ikilisiya ba ta ɗora wa kowane gida goma biyar kullum a matsayin doka ba, goma ɗaya da kowa ke farke ya fi biyar da rabin gida ke barci. Na biyu, ya karanta musu sakin layi na 2185 na Katikisim, littafin koyarwar Katolika: buƙatar iyali na iya zama uzurin yin aiki ran Lahadi, amma a kula kada uzurin ya zama al'adar da za ta cuci ibada, zaman iyali da lafiya.

Mayu 2024: kwandon ɗumi

Gyaran ciniki bai warware rikicin ƙarfe biyar zuwa bakwai ba. Hasken rana ɗaya ne, saƙa na son sa, girki na son sa. Abin da ya raba gardamar wani kwando ne, wanda wata Sista ta taɓa nuna wa matan Zumunta a taron koyon sana'a, uwargidan ta gani ta manta.

Dabarar ita ce abinci ba wuta yake buƙata ya nuna ba, zafi yake buƙata. Idan tukunya ta tafasa aka hana zafin fita, za ta ƙarasa da kanta. Ta samu babban kwando, ta shimfiɗa tsohon zani a ciki, ta cusa ragowar ulu, yanke-yanken tela da biyu daga cikin suwaitun da suka ƙi sayuwa, ƙasa da gefe, kaurin ya fi faɗin tafin hannu. Ta bar rami daidai tukunyarta, ta ɗinka matashi mai kauri na rufe sama.

Gwajin farko ya ƙone. Ta sauke tukunya daga kurfoti ta sa kai tsaye, gindin ya narkar da ulun, ya manne, gida ya cika da ƙaurin roba. Daga nan ta sa faifai da tsumman auduga ninki huɗu a ƙasa, ta kuma tabbatar audugar ce kaɗai ke taɓa tukunya. Gwaji na biyu wake ya fito da ƙarfi, domin tukunyar rabi ce, kuma babbar 'yar ta buɗe sau biyu tana dubawa. Tukunya sai ta kusa cika, murfi ya zauna daram, kuma ba a buɗewa.

Ma'aunin da ta tsaya a kai ke nan. Wake a jiƙa shi tun dare, a tafasa minti 20, a rufe awa huɗu. Shinkafa ta tafasa minti biyar, a rufe awa ɗaya, a rage mata ruwa domin ba ya ƙonewa a kwando. Faten tsakin masara a tafasa minti goma, a rufe, rama ko alayyahu sai dab da ci. Acca ba ta ma buƙatar kwando sosai, aikinta a wanki yake, kuma Kaka ta karɓi regewar, domin babu mai haƙurin raba ta da yashi kamar ta. Tuwo ba ya shiga, sai an tuƙa. Suya ma haka. Wata nas a Zumunta ta ƙara mata ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita: idan tukunya ta daɗe har ta huce ta zama ɗumi-ɗumi, a mayar da ita wuta ta sake tafasa kafin a ba kowa.

Da wannan, girkin dare ya koma tsakar rana. Gawayin da aka hura na abincin rana shi ke tafasa na dare, a sa a kwando wajen ƙarfe biyu. Daga nan har shida hannunta a sake yake. Kwana huɗu a mako abincin kwando ake ci, kwana uku tuwo, kuma babbar 'yar da maigidan ke karɓa-karɓa wajen hura wuta. Buhun gawayin da ke ƙarewa a mako uku ya koma kaiwa kusan biyar. Wannan ya zo a kan gaɓa, domin a tsakiyar 2024 ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Sauran aikin aka raba. Namijin ya ɗauki wanke-wanke da ɗiban ruwa, abin da a da ake ganin na mata ne. Mai shekara takwas ta ɗauki tsintar wake da naɗe ulu tare da Kaka. Cefanen Asabar ya koma hannun maigida.

Addu'a kuma aka ɗaure ta da abinci. Ƙarfe shida, idan an buga ƙararrawar coci ta addu'ar Mala'ikan Ubangiji, allura da kwarashi su shiga gwangwani, a rufe, ko da saura layi ɗaya. A ci ƙarfe bakwai. Kafin a kwashe kwanuka, a nan kan tabarmar, a ja goma ɗaya, kowane dare da yaron da zai ja. Goma biyar sai Lahadi, da watannin Mayu da Oktoba idan kowa na da ƙarfi. Ran Lahadi ba a buɗe gwangwanin.

Yuni zuwa Disamba 2024

Damina ta nuna abin da ba ta lura da shi ba a da: jarirai ba sa jiran hunturu. Sanyin Agusta ma na sa a nemi hula da safa. Wata maƙwabciyarta Musulma ta sayi saiti ta kai suna, daga nan aiki ya riƙa zuwa daga unguwarsu. A watannin da aiki ya yi sauƙi ta riƙa tara huluna da safa, waɗanda ba su da matsalar awo, don kada Disamba ta same ta hannu wofi.

Maigidan bai dasa citta a 2024 ba, domin iri ya yi tsadar da ba zai iya ba. Masara da waken suya ya shuka. Bashin mai shago ya ƙare a Agusta, rancen kuɗin makaranta a Nuwamba.

Disamba ita ce jarrabawar. Aiki ya yi yawa, ta mayar da mutum biyar, biyu daga cikinsu sun ji haushi, ɗaya ta daina gaishe ta na ɗan lokaci. Dare uku a makon Kirsimeti ta buɗe gwangwanin bayan addu'a don ƙarasa mayafan baftisma, da sanin mijinta. Zaman ƙarfe bakwai bai faɗi ba ko sau ɗaya a watan.

Inda aka tsaya a 2025

Har bayan Istar 2025, wadda ta faɗo 20 ga Afrilu, tsarin yana nan. Kuɗin da ke ratsa hannunta bai kai na Disambar 2023 ba, amma abin da ke zama nata ya fi, kuma littafin yana nuna hakan. Saƙa tana ɗaukar kuɗin makarantar yaro ɗaya da sabulu da gawayi. Ba ta maye gurbin citta ba, ba ta ma kusa ba. Ta koma taron Zumunta, kuma mata uku sun yi nasu kwandon a hannunta. Wuyan hannun yana tashi idan ta wuce awa huɗu a yini, don haka takan tsaya kowane rabin awa ta miƙe yatsu, kamar yadda nas ɗin ta ce.

Abin da nake gani

Gwaje-gwajen farko guda huɗu sun faɗi ne saboda dalili ɗaya. Kowannensu ya ɗauka matsalar tana jikin matar: ko ba ta ƙoƙari sosai, ko ba ta tsara lokacinta, ko ta fifita kuɗi a kan Allah. Babu wanda ya tsaya ya ƙirga cewa aikin da ke kanta ya fi awoyin yini yawa. Saƙar dare ta ci lafiyarta, addu'ar asuba ta ci barcin yara, hanin maigida ya maido da Rosari ya bar bashin a wuyanta ita kaɗai. Ban ɗauki hanin a matsayin mugunta ba. Mutum ne da gonarsa ta ruɓe a gabansa, ya ga abu na biyu da yake alfahari da shi, addu'ar gidansa, yana lalacewa, ya kama abin da hannunsa ya kai. Amma an yi wata shida ana tambayar me ya sa ba ta zuwa addu'a, kafin wani ya tambayi wa zai wanke tukunya.

A cikin abubuwan da suka yi aiki, littafin nake sa wa gaba. Ba don shi ba, da kwandon ya ba ta awa huɗu ta zuba su a suwaitar da ba ta da riba. Kuma ya yi aiki ne saboda wadda ta kawo shi: mace mai girman da maigida zai zauna ya saurara, wadda za ta iya tambayar bashi a inda uwargidan ba za ta iya ba. Maganar Fada ta sauke mata nauyin da ta ɗora wa kanta, amma da ta zo a Janairu, babu raba aiki, babu kwando, ina ganin goma ɗayan ma da ta bi sahun biyar ɗin.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba. Kaso mafi nauyi na aikin da aka sauke daga kan uwa ya sauka ne a kan babbar 'yar, wadda ke tuƙa tuwo, tana duba auta, ga jarrabawar kammala sakandare a gabanta. Ƙaninta yana gama wanke-wanke ya ɗauki littafinsa, ita sai ta jira an kwashe. Na faɗa wa iyayen haka, kuma maigidan ya amince zai karɓi dukan kwanakin tuwo a zangon jarrabawarta, ƙanin ya fara koyon tuƙi.